Tambaya da Amsa: Gane halin mai neman aiki, baiwa ce ko koyo ake?

Assalamu alaikum masu karatu. Da yake rantire, wato komawa makaranta, ta matso, wasiƙun wannan karon kusan duk a kan magana ɗaya suka zo, wato zaman da ake yi da mai neman aiki a yi masa tambayoyi, wanda 'yan boko ke ce wa antiretiyan. Na zaɓi huɗu, ta farko za ta ci wuri don ita ce uwar sauran.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni diraktis ce ta wata ƙaramar lakwal mai zaman kanta a Sabon Gari nan Damagaram. Duk shekara kafin rantire mu uku muke zama, ni da mai makarantar da wani tsohon mushe, mu gana da masu neman koyarwa. Bara mun ɗauki wani saurayi wanda wallahi in yana Faransanci sai ka rantse a rediyo yake, ga fara'a ga tsabta, mu duka muka ce shi ne. Kafin hutun Disamba ya gama nuna mana hali, yau latti gobe bai zo ba, kayen yara sati uku ba gyara. Wata yarinya kuma da muka bari saboda muryarta can ƙasa-ƙasa kai a sunkuye, yanzu tana wata makaranta a Garin Malam iyaye sai yabonta suke. Mai makarantar ya ce gane mutum baiwa ce, wanda Allah bai ba wa ba sai haƙuri. Da gaske ne ko ana koya?

AMSA: Hajiya sannu da ƙoƙari, kuma na ji daɗi da ba ki ce yaron ne ya canja ba kamar yadda da yawa ke faɗi. Bai canja ba, da halinsa ya shigo ɗakin ya fita da abinsa, ba a dai yi masa tambayar da za ta tono shi ba. Ki gaida mini mai makaranta da kyau ki ce masa ban goyi bayan maganarsa ba. Ba na musun wani ya fi wani lura, amma babban kason abin nan koyo ne, kamar yadda yaron kanti ke koyon awo.

Abin da ya same ku ya taɓa samu na. Shekarun baya ina cikin kwamitin ɗaukar magazaniye, wato mai tsaron sito, a wani furoje, watan Afrilu ne, wuta ta ɗauke fanka ta tsaya, mu huɗu muna ta fifita da dosiyen mutane. Wani ya shigo da shadda mai sitati turare ya cika biro, ya amsa komai tar-tar. Bayansa wani ya shigo daga Mirriya a kan moto, ƙura har gira, yana magana yana murza hula a hannu. Da za shi fita sai ya ciro wani ɗan kaye da ya sha jiki daga aljihu ya ce ko za mu duba, a ciki yake rubuta duk buhun da ya shiga da wanda ya fita a sito ɗin da yake tsaro, da kwanan wata, har da buhu biyu da ruwa ya taɓa da sunan wanda ya shaida. Shugaban zaman ya ce ba lokaci. Mai shadda muka ɗauka, wata biyar lissafin sito ya ƙi haɗuwa. Har yau in na tuna kayen nan raina ɓaci yake, shaida ce mutum ya miƙo mana da hannunsa muka ƙi karɓa saboda ido ya riga ya yanke hukunci.

Wannan cuta ta ido tsohuwa ce kuma an daɗe da gano ta. Tun 1920 wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, Edward Thorndike, ya duba yadda hafsoshin soja ke ba na ƙasa da su maki, ya tarar in mutum ya burge su a abu ɗaya, ko da tsayuwa ce da kyan jiki, sai makinsa ya hau a hankali da shugabanci da hali gaba ɗaya, abu guda ya haske sauran. A 1922 kuma wani mai suna Hollingworth ya ba da labarin manajoji 12, ƙwararru a harkar ciniki, da suka gana da mutum 57 masu neman aiki kowa ya jera su yadda ya gani, aka samu mutum ɗaya ya zo na 1 a wurin wannan manajan ya zo na 57 a wurin wancan. Kuma kowanensu in kin tambaye shi zai ce miki shi fa ya san mutane.

To me ya sa haka? Wani masani David Funder ya yi bayani a 1995 wanda ni a wurina ya warware zancen. Ya ce kafin ka gane halin mutum daidai sai ya aikata ko ya faɗi wani abu da ya shafi wannan halin, sai kuma abin ya faru inda za ka iya gani, sai ka lura da shi, sannan ka fassara shi daidai, in ɗaya ya faɗi duka sun faɗi. Yanzu Hajiya ki auna zamanku da wannan. Minti 15 na gaisuwa da "ba mu labarinka" wane hali yake fitarwa? Sakin baki da sakin fuska, shi kenan, su ne halayen da ke fita da kansu ko ba a nema ba. Amma zuwa aiki kan lokaci, gyara kaye 60 da dare alhali ba mai kallonka, haƙuri da yaron CI, wato ajin farko na firamare, da ya yi fitsari a aji, waɗannan ba sa bayyana a kan kujerar antiretiyan sai an haƙo su da gangan. Kuma su ne aikin. Binciken Barrick da Mount na 1991 ya nuna a cikin manyan halaye guda biyar da masana ke aunawa, riƙon aiki da tsare alkawari shi ne wanda ke tafiya da kyawun aiki a kusan kowace sana'a da suka duba.

Maganin da aka samo ba wani sihiri ba ne. Daniel Kahneman, wanda ya ci kyautar Nobel a 2002, yana saurayi a tsakiyar shekarun 1950 aka ba shi gyaran tsarin ganawa da sabbin sojoji a Isra'ila. Ya zaɓi halaye shida, ya rubuta tambayoyi a kan abin da mutum ya taɓa yi a rayuwarsa ta zahiri, ya ce kowane hali a ba shi maki daga 1 zuwa 5 shi kaɗai kafin a wuce na gaba. Masu ganawar suka yi bore suka ce ya mai da su injina, sai ya ce to ku bi tsarin, in kun gama ku rufe ido ku ba mutumin maki ɗaya na abin da zuciyarku ta ba ku. Sabon tsarin ya fi tsohon nesa ba kusa ba, kuma abin da ya fi burge ni, wannan makin na zuciya ma ya zama mai amfani, amma fa bayan an riga an tattara hujja. Kin ga ba a ce mai makaranta ya jefar da lurarsa ba, a ƙarshe dai za ta zo ba a farko ba.

Ga yadda za ku horar da kanku ku uku, yamma biyu ta isa a fara, ba sai an kira mai ba da formasiyo daga Yamai ba. Yammar farko ku zauna ku tuno malamai uku da kuka riga kuka sani, na ƙwarai sosai, da matsakaici, da wanda kuka yi da-na-sanin ɗauka. Kada ku rubuta "yana da kirki", ku rubuta abin da yake yi wanda ido ya gani, yaushe yake isowa, me ya yi ranar da uban yaro ya zo da faɗa, me ya yi da ya yi kuskuren maki. Daga nan halaye huɗu ko biyar za su fito da kansu, kowane ku yi masa tambaya ɗaya ko biyu mai neman labarin da ya wuce. Misali ki ce, ba ni labarin ranar da wani uba ko uwa suka zo miki a fusace saboda ɗansu, me ya faru, me kika ce, yaya aka ƙare? Sannan, nan ne gishirin, tun kafin kowa ya shigo ku rubuta irin amsar da ta cancanci 1, da ta 3, da ta 5. Wanda ya ce "ai ni ina da haƙuri sosai, iyaye duk suna so na" kuma aka matsa bai iya kawo rana ɗaya ba, 1 ne komai daɗin Faransancinsa. Wadda ta ce ta tura uban wurin direkta aka sasanta, 3. Wadda ta ce ta zaunar da shi, ta ɗauko takardar yaron suka duba tare, ta ga ita ce ta yi kuskuren maki biyu ta gyara a gabansa ta ba shi haƙuri, wannan 5 ce ko da da ƙyar kuke jin muryarta.

Yamma ta biyu ku kira wani malaminku ya zauna kamar mai neman aiki ya amsa, kowa ya rubuta makinsa a ɓoye, sai a buɗe. Za ku sha mamaki, ke ki ba da 4 tsohon mushe ya ba da 2 a amsa ɗaya da kuka ji tare. Wannan gardamar ita ce horon, kowa ya faɗi kalmar da ya ji ta sa shi ba da makin, har mudunku ya zama ɗaya. Masana irin su Bernardin da Buckley tun 1981 suka kawo wannan salon na daidaita ma'aunin masu ba da maki, kuma bincike daga baya ya nuna ya fi a tara mutane a yi ta musu wa'azin "ku kiyayi son rai", don wa'azin kaɗai sai ya sa su riƙa sassaɓa maki don kar a ce sun yi kuskure, ba tare da ganinsu ya ƙara daidai ba.

Ranar ganawa ta gaske kowa tambaya iri ɗaya a jere iri ɗaya, kowa da bik ɗinsa yana rubuta abin da aka faɗa ba abin da ya ji a ransa ba. Kuma dan Allah mai makaranta ya zama na ƙarshen faɗin makinsa. Mun san kanmu, in babba ya riga ya ce "wannan ya yi mini" wa zai buɗe baki.

Kar in yi miki alkawarin da ba zai cika ba. A babban nazarin Schmidt da Hunter na 1998, a ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 1, ganawa mai tsari ta samu 0.51 wajen hasashen kyawun aiki, marar tsari 0.38. Da Sackett da abokansa suka sake lissafin a 2022 sai ta farko ta koma 0.42 ta biyu 0.19. Wato mai tsari ta ninka marar tsari, amma har yanzu da saura kafin 1, za ku ƙara yin kuskure sai dai zai ragu. Shi ya sa nake cewa ku haɗa da gwaji, a ba mutum alli minti 20 a gaban yara na gaske. Da kun yi wa yarinyar nan haka ina kyautata zaton da yanzu tana wurinku.

TAMBAYA: Baba ina wuni. Na gama lisans a Jami'ar André Salifou, sau uku ina kaiwa matakin antiretiyan ana barina. Na ƙarshen wani da ke cikin kwamitin ya faɗa wa yayana wai ban kalle su ba ko sau ɗaya, kamar ina ɓoye wani abu. Ni kuma a gidanmu ba a kallon babba ido cikin ido. Ya zan yi?

AMSA: Ɗana wasiƙarka ta taɓa ni, don laifin da aka ɗora maka tarbiyya ce iyayenka suka sha wahala suka ba ka. Bari in fara da masu kwamitin, na san suna karantawa. Wannan zancen na cewa maƙaryaci ba ya iya haɗa ido an gwada shi an sake gwadawa ba a same shi ba. Kuma a 2006 Bond da DePaulo sun tattara bincike sama da 200 kan iya gane ƙarya daga kallo da sauraro, mutane suka dace sau 54 cikin 100, alhali wanda ya yi canke kawai zai dace sau 50. Har waɗanda binciken laifi ne sana'arsu ba su yi wa sauran mutane wani nisa ba. Na san muna cewa labarin zuciya a tambayi fuska, gaskiya ne ga uwa da ɗanta, ta san fuskarsa ta jiya da ta shekaranjiya shi ya sa take gane ta yau. Kai da ka ga mutum yau ka fara ganinsa, da wace fuskar za ka gwada? Wannan ƙa'idar ta kallon ido daga littattafan Turai aka kwaso ta aka dasa a garin da yaro mai ladabi ke durƙusawa ya sunkuyar da kai, sai ta koma tana tace mana masu kunya tana bar mana masu bushewar ido. In kuna son gane ƙarya ku bi labarin, wace shekara, wa ke wurin, sai me ya biyo baya, wa za mu kira ya tabbatar, sannan ku ɗauki waya ku kira ɗin. Ku kuma ba mutum ruwa, ku gaisa da Hausa minti biyu ba maki, jiki ya saki tukuna.

Kai kuma ɗana ba zan ce ka yar da kunyarka ba, amma aiki kake nema dole ka taimake su su gan ka. Ɗaga kai lokacin da ake maka tambaya da lokacin da ka fara amsa, ko goshin mai maganar ka kalla ya wadatar, ba rashin kunya ba ne a wannan wurin. Ɗaga murya. Ka shirya labarai uku na gaskiya daga sitaj ɗinka ko ma daga shagon gidanku, matsalar da ta taso, abin da kai da kanka ka yi, yadda ta ƙare, ka maimaita su a gaban yayan nan naka har bakinka ya saba. Allah ya sa na huɗun shi ne rabonka.

TAMBAYA: Malam ni ɗan kasuwa ne a kasuwar Dole, shinkafa da mai da sukari nake sarin su, ba ni da wani kwamiti. Yaro nake so wanda zan bar wa kes in na yi tafiya Kano. Na baya wani dattijo ne ya kawo shi ya ce sahun farko ba ya wuce shi, ƙarshe sai da kuɗi suka yi ƙafa. Duk wannan bokon naku zai yi mini amfani?

AMSA: Alhaji Allah ya mayar da alheri ya ƙara buɗi. Kai ai ba ka buƙatar boko a nan, abin yana cikin littafinmu. A Suratul Ƙasas aya ta 26 aka ce mafi alherin wanda za a ɗauka aiki shi ne mai ƙarfi amintacce, abu biyu ne daban kowane da hanyar bincikensa. Kuma an ruwaito wani ya zo gaban Sayyidina Umar zai yi wa wani shaidar kirki, Umar ya tambaye shi ko maƙwabcinsa ne da ya san shigarsa da fitarsa, ya ce a'a, ko ya taɓa tafiya da shi, ya ce a'a, ko sun taɓa hulɗar kuɗi, ya ce a'a, sai Umar ya nuna masa cewa ganin mutum a masallaci yana ruku'u da sujada bai isa a ce an san shi ba. Dattijon nan bai yi maka ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa, sai dai ba a sahu ake ajiye kes ba.

Nemi wanda yaron ya taɓa yi wa aiki, kuma kar ka ce "yaya halinsa", don Bahaushe ba zai so a ce shi ya hana ɗan wani cin abinci ba, "ba shi da laifi" kawai za ka ji. Ce masa, ka taɓa ba shi kuɗi ya kai wani wuri, har nawa, ya taɓa dawo maka da canjin da ka manta, in ya dawo gobe za ka ba shi makulli? Ka saurari wannan ta ƙarshen da kyau, wanda ya ce "ƙwarai ma" da wanda ya ce "to... Allah dai ya kyauta" ba abu ɗaya suka faɗa ba. Shi ma yaron tambaye shi ranar da lissafi ya taɓa ƙin cika a hannunsa me ya yi, wanda ya ce bai taɓa faruwa ba ko dai bai taɓa riƙe kuɗi ba ko yana gyara zance. Sannan amana hawa-hawa ake ba da ita, aiken jika biyar, sai kes na yini ɗaya kana gari, sai kwana biyu, kuma a ƙirga kuɗi a rubuta kowace yamma ko da ɗan cikinka ne a kan kes ɗin. Dabarar nan ta yar da kuɗi da gangan a ga ko zai ɗauka ni ba na son ta, yaro mai wayo ya san tarko ne zai kawo maka, marar wayo kuma ka jefa shi cikin abin da wataƙila da bai yi ba.

TAMBAYA: Malam an kira ni ganawar aikin kwantabul, rabin lokacin a kan ina da aure, yaushe zan haihu, babana ɗan wane gari ne aka ƙare. Wai da haka ake gane hali?

AMSA: Ƙanwata ba a gane komai da haka, kuma dokar aiki ta Nijar ta 2012, a aya ta 5, ta hana mai ɗaukar aiki ya yi la'akari da jinsi ko shekaru ko asali ko addini ko naƙasa, har sikila da cuta mai karya garkuwar jiki ta ambata. In kin tabbata a kan haka aka hana ki, ofishin sufeton aiki nan Zinder shi ne wurin kai kuka, ki rubuta tambayoyin da aka yi miki da ranar tun ba ki manta ba. Masu ganawa kuma, in abin da ke damunku shi ne ko za ta iya zaman ƙarshen wata har bayan magariba ko tafiya Gure da Tanut kai rahoto, ku faɗi aikin yadda yake, sau nawa a wata, kwana nawa, ku tambaya ko za a iya, kuma namijin da zai shigo bayanta shi ma a yi masa tambayar da kalmomi iri ɗaya.